Hasken Gida: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Ina da wata ɗabi'a da uwargida ta gaji da yi mini magana a kanta: in muka shiga gidan mutane da dare, kafin in gama gaisawa idona ya riga ya kai silin. Ba raini ba ne. Tun da muka sake wayarin gidanmu daga tushe na kasa daina lura da inda mutane ke sa fitilunsu, kuma kusan kullum ɗayan abu biyu nake tararwa. Ko dai ƙwai guda a tsakiyar ɗaki, fari fat, yana fama da aikin fitila biyar, ko kuma, a gidajen da aka zuba kuɗi, ƙananan fitilun nan da ake binnewa a silin an jera su sahu-sahu daga wannan bango zuwa wancan. Na biyun ya fi tsada, amma ciwonsu ɗaya. Wanda ya tsara su silin yake kallo, bai tuna da mutanen da za su zauna a ƙarƙashinsa ba.

Zauna a kujera ka buɗe littafi a irin wannan ɗakin. Fitilar tana bayanka ko bisa kanka, don haka inuwar kanka ce ke sauka a kan takarda. Dubi fuskar wanda ke gabanka: goshi na ƙyalli, kwarmin ido ya yi baƙi, ƙarƙashin hanci da haɓa duk inuwa, mutum lafiyarsa lau amma sai ka ce daga gadon jinya ya taso. Bangaye kuwa, waɗanda su ido ya fi sauka a kai in ana zaune, suna cikin duhu-duhu, daɓen ƙasa ne ke shanye hasken.

Mutane na ɗaukar fitila kayan ƙarshe ce, ita da labule da kafet, abin da za a je a zaɓo bayan an gama fenti. Fitilar kanta kam ana iya sayenta a ƙarshe. Amma inda za ta zauna, da makunnin da zai kunna ta, da waɗanda za su kama tare da ita, duk an yanke su ne ranar da mai wayarin ya binne bututunsa cikin bango. Da zarar an yi filasta, duk wani canjin ra'ayi sai an fasa gini. Kuma ba yadda za ka san mazaunin fitila in ba ka san mazaunin gado ba, da na teburi, da bangon da talabijin zai hau, da gefen da ƙofa ke buɗewa. Shi ya sa aikin ke farawa da fensir: ka zana ɗakin, ka zana kayan da za su shiga, ka ɗiga alama a duk inda wani zai zauna ya yi wani abu bayan faɗuwar rana. Sai bayan nan a yi zancen waya.

Akwai wani Ba'amurke, Richard Kelly, da ake lissafawa cikin waɗanda suka mayar da tsara haske sana'a mai cin gashin kanta. Shi ya tsara hasken ginin Seagram da ke New York, da na gidan kayan fasaha na Kimbell a Texas. A 1952 ya kasa haske gida uku, kuma har gobe da wannan rabon ake koyar da ɗalibai. Na farko haske ne na gama-gari, mai laushi, wanda ke cika wuri ba tare da ka damu da ta inda yake fitowa ba. Na biyu haske mai nuni, wanda ke jan ido zuwa abu guda: shafin littafi, saman teburi, hoto a bango. Na uku ɗan ƙyalƙyali ne na ado, irin na kyandir ko gilashin fitilar da ake ratayewa, wanda ba ya haska komai sosai sai dai ya faranta rai. Kelly manyan gine-gine ya yi wa aiki, amma rabon nasa ya zauna daram a falona. Fitilu biyu ne a bango suke harba haske sama, farin silin ya dawo da shi ƙasa a tausashe. Wata doguwa na tsaye a gefen kujerar da nake karatu, kanta ya ɗan wuce kafaɗata. Sai ƙananan biyu da ke kallon kantar littattafai. Kowane rukuni da makunninsa, kuma da wuya a ga dukkansu a kunne lokaci guda.

To, sai lambobin da ke jikin kwali, waɗanda yawancinmu ba ma karantawa. Mun saba auna fitila da wat, alhali wat wutar da take ci yake nunawa, hasken da take bayarwa kuwa da lumen ake auna shi. Tsohon ƙwan nan mai zaren ƙarfe a ciki, na wat 60, yana ba da kimanin lumen 800, na wat 100 kuma kimanin 1,600, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake ci zafi take zama. Ƙwan LED na wat 8 zuwa 10 yana ba da lumen 800 ɗin nan. Hasken da ya sauka a kan abu kuma da luks ake auna shi: luks ɗaya shi ne lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki ta ware luks 500 ga teburin rubutu da karatu a ofis, farfajiyar wucewa kuwa 100. Falo ba ofis ba ne, wajen 150 ya ishi hira. Ɗaki mai mita 4 a 5, murabba'in mita 20 ke nan, yana son lumen 3,000 su iso ƙasa, kuma tunda murfin fitila da bangaye na cinye wani kaso, sai an ɗara haka. Nawa za a ɗara ya danganta da fenti. Farin bango na mayar da kusan kashi 80 na hasken da ya same shi, bango mai duhun launi kuwa ya haɗiye mafi yawa. Wanda ya canja fenti bayan an tsara fitilu ya canja lissafin gaba ɗaya ko bai sani ba.

Wata ƙa'ida guda ta fi duk waɗannan amfani a wurina: in ka ninka nisan da ke tsakaninka da fitila, hasken da ke iso ka ba rabi yake komawa ba, kwata yake komawa. Wannan ne dalilin da ƙaramar fitilar teburi ke kayar da babban ƙwan silin wajen karatu, ga ta ba ta cin wuta.

Launin haske kuma da Kelbin ake rubuta shi, harafin K a bayan lamba. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙaramar lamba ita ce mai ɗumi. Harshen kyandir bai kai 2,000 ba, tsohon ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen 2,700, 4,000 fari ne tsaka-tsaki, 6,500 kuwa farin nan ne mai ratsin shuɗi. Ni dai a ɗakin kwana da falo ba na wuce 2,700 zuwa 3,000, a kicin da wurin guga nakan kai 3,500 ko 4,000. Wannan zaɓina ne, na san masu son fari tas ko'ina, kuma ba zan yi musu da idon wani ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a gauraya su a ɗaki ɗaya, wannan ƙwai rawaya, na kusa da shi shuɗi-shuɗi. Sai dai akwai hujjar da ta wuce son rai: haske mai ƙarfi da dare, musamman mai ratsin shuɗi, yana danne melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ya yi barci.

Lambar da aka fi mantawa ita ce CRI, wani kwalin kuma Ra yake rubutawa, wadda iyakarta 100. Tana nuna yadda fitila ke fito da launin abubuwa na gaskiya. Asalin matsalar daga yadda ake yin farin LED ne. Akasarinsu a ciki shuɗi ne, aka shafe su da wani sinadari mai mayar da wani ɓangare na shuɗin ya koma rawaya, haɗuwar biyun ido ya ga fari. Shuɗin LED ɗin ma sai da aka sha wuya kafin a same shi, shi ya ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. To farin da aka haɗa ta wannan hanya yakan yi ƙarancin ja. A ƙarƙashin ƙwai mai arha fatar mutum takan yi toka-toka, jan kafet ya koma kamar ya koɗe, shuɗi mai duhu da baƙi su rikice maka a gaban kabad ɗin tufafi. Yawancin na kasuwa 80 ne. A gaban madubi, da wurin zaɓen kaya, da duk inda fuskoki ke haɗuwa, ina neman 90 ko fiye, kuma bambancin ba sai an nuna maka ba.

Mahaifiyata tana zaune tare da mu, kuma ita ce ta fi kowa sauya tsarin gidan. Idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da ke shiga idon ɗan shekara 20 yake samu, saboda ƙofar ido na ƙanƙancewa da shekaru, madubin cikinsa kuma yana ƙara kauri da rawaya. Ga shi kuma tsohon ido ya fi jin zafin haske mai kashe ido. Wato tana bukatar haske mai yawa, amma kada ta ga ƙwan da kansa. A ɗakinta duk fitilun suna da murfi, kusa da kujerarta akwai mai hannu da take jawowa in za ta sa zare a allura. Daga gadonta zuwa banɗaki mun sa ƙanana a ƙasan bango, ba su kai gwiwa ba, masu ɗumin launi, waɗanda ke kama da kansu in sun ji motsi. Matakala kuma makunni biyu gare ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma hasken daga gefe yake zuwa don bakin kowane taki ya fito da 'yar inuwarsa. In haske ya daki matakala ta ko'ina daidai, takun sai su haɗe a ido su zama shimfiɗa ɗaya.

Sauran wuraren ba su da wuyar fahimta. A kicin mai aiki bango yake fuskanta, fitilar silin na bayansa, saboda haka a sa haske a ƙarƙashin kabad ɗin sama, can gaba-gaba, ya sauka a kan hannu da wuƙa. A madubi fitila biyu, dama da hagu, daidai tsayin fuska, sun fi guda ɗaya a sama nesa ba kusa ba. Wadda ake ratayewa bisa teburi ta tsaya kamar santimita 75 zuwa 85 daga samansa, ta haska teburin ba ta tare fuskar na gaba ba. A banɗaki a duba lambar IP: IP44 na jure fantsamar ruwa, IP65 na jure feshi kuma ƙura ba ta shiga. Kuma kada a binne fitila a silin daidai saman fukafukan fanka. In fankar ta fara juyi hasken zai riƙa yankewa yana dawowa, cikin minti kaɗan kai ya fara sarawa.

Makunnin rage haske abu ne mai daɗi, amma shi ne inda aka fi yin kuka. Ba kowane ƙwan LED ke yarda a rage shi ba, sai wanda aka rubuta haka a kwalinsa, kuma tsofaffin makunnan da aka ƙera don ƙwai mai zare sukan sa LED ya riƙa ƙyafta ko yin ƙara siririya. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗauki bidiyon fitilar da wayarka a tsarin tafiyar hawainiya. In ka ga ratsi-ratsi suna gudu a hoton, tana ƙyaftawa ko da idonka bai kama ba.

Duk wannan mutum zai iya koya da kansa, to ina amfanin ɗauko mai tsara haske? In ɗaki ɗaya kake gyarawa, gaskiya ba lallai ba ne. Sayi fitilar tsaye da ta teburi, ka yi ta matsar da su har ka ji daidai. Amma in gida ne gaba ɗaya, ko akwai silin mai tsayi, ko falo da kicin a haɗe ba bango, ko tsoho a gida, kuɗin shawara bai kai kuɗin fasa bango ba.

Sai dai a san wa ake nema. Mai wayarin ya san yadda wuta za ta iso lafiya ba tare da gobara ba, kuma ba mai maye gurbinsa a wannan, amma in ka bar masa zaɓi zai sa fitila inda ya saba sawa. Mai zanen gini yakan ɗiga alamun fitilu a takarda don su yi kyan gani daga sama. Mai shagon fitilu kuma yakan yi maka tsari kyauta, kuma kyautar tana da dalili: ribarsa na cikin yawan abin da ka saya. Ba na cewa mugu ne, wasunsu sun san aiki ƙwarai. Amma tambayar farko da nake ba kowa shawara ya yi, ba tare da jin kunya ba, ita ce: wa ke biyanka? Kuɗin aikinka daga hannuna kaɗai yake fitowa, ko kana da kamasho a kan kayan da ka rubuta? Ƙungiyar masu tsara haske ta duniya, IALD, wadda aka kafa a 1969, a kan wannan ta ginu, cewa mai ba da shawara ya zama mai zaman kansa, ba ɗan kasuwar fitila ba. Ba dole wanda za ka ɗauka ya zama ɗan ƙungiyar ba, amma ya iya amsa tambayar kai tsaye.

Na zanta da wasu kafin mu tsayar da wadda muka yi aiki da ita. Akwai wanda tun kafin ya zauna ya buɗe mini hotunan fitilu masu ƙyalli a wayarsa, yana cewa wannan ake yayi. Ita kuwa da ta zo ba ta ambaci fitila ba sam a zaman farko. Ta zaga gidan da rana ta ga ta inda rana ke shigowa, ta ce za ta dawo bayan duhu ya yi. Da ta dawo ta tambaye ni, "Malam, in ka dawo daga aiki a gajiye, wace kujera kake faɗawa?" Ta tambayi uwargida da wane hannu take yanka, don kada inuwar hannun ta rufe mata abin da take yi. Sannan ta durƙusa kusa da mahaifiyata ta ce, "Mama, in kun tashi cikin dare, da me kuke fara lalubawa?" Mama ta ce bango. Daga wannan amsar fitilun ƙasan bangon suka fito.

Hotunan aikin da mutum ya yi a baya ba su isa shaida ba, kyamara na gyara haske fiye da yadda take gyara komai. Nemi a kai ka gidan da ya yi, da dare, ka zauna a kujera ka ɗaga kai. In ƙwai ya soke maka ido daga inda kake zaune, ka ga amsarka. Gani ya kori ji. Ka kuma tambayi masu gidan ko suna gane makunnansu, don na shiga gidan da ke da makunni takwas a jere bakin ƙofa, mai gidan da kansa sai ya danna uku kafin ya dace.

A rubuce kuma, kafin a biya kuɗin farko, a san abin da za a karɓa. Zanen da ke nuna mazaunin kowace fitila da awonsa daga bango. Jerin fitilun, kowace da lumen ɗinta, da Kelbin, da CRI, da faɗin bakin haskenta, domin mai digiri 24 daga nisan mita biyu da rabi da'irar da ba ta fi mita ɗaya da kaɗan ba take haskawa, mai digiri 60 kuwa kusan mita uku. Sai zanen da ke nuna wane makunni ke riƙe da waɗanne fitilu, wanda shi mai wayarin zai bi. Da yawansu suna amfani da manhajar DIALux, ta wani kamfanin Jamus, wadda ke lissafa luks a kowane lungu kafin a sayi ko ƙwai ɗaya. Lissafin yana da amfani, amma na fi yarda da abin da tamu ta yi: ta zo da fitilu biyu na gwaji da doguwar waya, ta sa aka riƙe su a bango muna kallo. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A kuma tabbatar yarjejeniyar ta haɗa da zuwa wurin aiki lokacin wayarin, da dawowa bayan an shigo da kaya don a saita inda kowace fitila ke kallo. Wannan zuwan na ƙarshe shi aka fi tsallakewa, alhali fitilar da aka saita ɗaki na wayam da wuya ta dace da hoton da aka rataye daga baya.

Ba a komai muka daidaita da ita ba. Ta so a sa tsarin da ake sarrafa duk fitilun gida da wayar hannu, a danna sau ɗaya falo ya koma yanayin hira ko na kallo. Na ƙi, saboda ina son baƙo ko yaro ko Mama su shiga ɗaki su lalubi bango su sami makunni. Abin da na yarda da shi shi ne a kai wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, cikin kowane akwatin makunni, tunda yawancin makunnan da ake sarrafawa da wayar hannu na bukatarta, in wata rana ra'ayina ya canja ba sai an fasa komai ba.

Ɗayan saɓanin a kan fitilun da LED ɗinsu ke manne ne, waɗanda ba a canja musu ƙwai. Sun fi sirantaka, sun fi kyau, ba musu. Kwali zai ce maka awa 25,000 ko fiye, kuma ma'anar lambar yawanci ita ce lokacin da hasken zai ragu zuwa kashi 70 na asalinsa. Amma kafin LED ɗin ya tsufa, ɗan akwatin da ke daidaita masa wuta yakan riga shi mutuwa, musamman in zafi ya taru a wurin da iska ba ta shiga. Ranar da ɗaya cikin shida ta mutu, ka je nema ka tarar an daina yin irinta, sabuwar kuma launinta ya ɗan bambanta. Don haka muka raba: inda hannu ke kaiwa cikin sauƙi, kuma siririyar ce kaɗai za ta shiga, kamar ƙarƙashin kabad, na bar mata zaɓinta, da sharaɗin akwatin wutar ya zauna inda za a iya ciro shi. A silin da saman matakala kuwa na dage sai masu mazaunin ƙwai na gama-gari, E27 ko GU10, waɗanda ko bayan shekara goma za a samu. Ta ce sun fi kauri kuma za su ɗan fito. Na ce su fito. Na kuma sa aka ƙaro 'yan kaɗan daga kowane iri a sayayya ɗaya, don launinsu ya zo daidai, na ajiye su a kwali guda tare da kwafin jerin fitilun da zanen makunnai.